Shekara Huɗu a Cikin Binciken Tsufa da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Shekara huɗu ke nan da na sa hannu a takardar amincewa na shiga wani bincike kan tsufa da lafiyar ƙwaƙwalwa, irin wanda ba a ba mutum magani ko allura, sai dai a riƙa bibiyar halin da yake ciki ana rubutawa. Tsarinsa ya yi kama da na babban binciken da aka fara a Amurka a 1992, wanda ake komawa ga waɗanda suka haura shekara 50 duk bayan shekara biyu.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne natsuwar ma'aikaciyar da ta zauna da ni. Ta karanta mini kalmomi goma ta ce in maimaita, bayan ɗan lokaci ta sake tambayata, na tuno shida, kuma ko a fuska ba ta nuna mini cewa na gaza ba. Ta miƙo farar takarda na zana agogo, sannan ta auna ƙarfin damƙar hannuna. Da muka zo kan tambayoyin kaɗaici da rashin barci, waɗanda ko 'ya'yana ba su taɓa yi mini ba, sai ta ajiye biro ta ce: "Baba, kana da damar ƙin amsawa, kuma kana iya janyewa duk ranar da ka ga dama."

Ƙorafina ɗaya ne, kuma yana damuna ƙwarai: an yi mini alkawarin taƙaitaccen bayani kan abin da aka gano, amma sai da na yi wata takwas ina jira kafin ya iso. Duk da haka, na riga na amince da zama na gaba.