FUE ko FUT? Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin dashen gashi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya wace hanyar dashen gashi za ka bi, FUE (zaro tushen gashi ɗaya bayan ɗaya) ko FUT (yanko zirin fata mai gashi). FUE za ka yi, amma ba a hannun mutumin nan da ya turo maka farashi ta WhatsApp ba, kuma ba a watan nan ba. Na ga hoton da ka saka: shekara 31, goshi ya ja baya ta gefe biyu, tsakar ka ta fara haske, ga shi kana yin aski ƙasa-ƙasa irin namu. Askin nan shi ya raba gardama tsakanin hanyoyin biyu tun kafin a zo maganar kuɗi.

Aikinsu ɗaya ne. Gashin ƙeya da na saman kunne ba ya jin sinadarin DHT da ke cinye na goshi da na tsakar ka, shi ya sa za ka ga dattijo kai fayau amma ƙeya a cike. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, ya nuna a 1959 cewa in aka ɗauko wannan gashi aka kai shi gaba, da halinsa na ƙeya yake tafiya. To yadda ake ɗebo shi daga ƙeyar, nan suka rabu.

A FUT zirin fata ake yankowa daga ƙeya, wani lokaci kusan daga kunne zuwa kunne, a ɗinke wurin, sannan a rarraba tushen gashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ban ce ba shi da rana ba. Yana ba da tushe mai yawa a zama ɗaya, ba sai an aske kai duka ba, ya dace da mace ko mai tara suma. Amma zai bar maka layi a ƙeya har abada, ranar da wanzami ya yi ƙasa da almakashi kowa a sahun bayanka ya gani. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

FUE, wanda likitoci Rassman da Bernstein suka bayyana a 2002, shi aka yi mini a Istanbul. Da wani ɗan ƙarfe mai rami, faɗin bakinsa kamar milimita ɗaya, ake zagaye tushen gashi ɗaya bayan ɗaya a zaro shi. Kowane tushe yana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu. Ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi ce a fatar kai, kuma ita ce kawai wurin da za ka cije leɓe. Sauran wuni ne kana kwance, a ɗaga ka ka ci abinci ka yi sallah a zaune, a mayar da kai. Ba ɗinki, ramukan suna rufewa da kansu cikin mako guda ko makamancin haka.

Abin da ya sa nake yabon likitan da ya yi mini ba kyan asibitinsa ba ne. Bayan an aske ni, sai ya zaro 'yan tushe kaɗan, ya tsaya, ya kai su ƙarƙashin madubi, ya dawo ya ce ƙarfen da ya fara da shi yana datse saiwar, zai canza wani mai ɗan faɗi kuma zai rage gudu. Ya kuma ce adadin da muka yi magana a waya ba zai cika shi ba, don ƙeyata ba za ta ɗauka ba. A lokacin raina ya ɗan sosu, kuɗina na biya. Da gashin ya gama fitowa na je wurin wanzamina a Tudun Wada, mutumin da ya san kaina tun ina saurayi. Ya juya ni dama, ya juya ni hagu, ya shafa ƙeyar da babban yatsa yana neman inda aka taɓa, sai ya ce, "Alhaji, wai daga ina suka samo gashin?" Na ce daga inda hannunka yake.

A nan gizo yake saƙar ga mai gashi irin namu. Gashin Bature ko na Balarabe a miƙe saiwarsa take shiga fata, kana bin silin da ke waje ka san inda ta nufa. Namu lanƙwasar da kake gani a waje tun daga cikin fata ta faro. Ƙarfe kuwa a miƙe yake sauka. In mai aikin bai saba da kan baƙar fata ba, sai ya riƙa yanke saiwa a tsakiya, ya ƙirga maka ita a cikin adadi, ya dasa, ba ta fito ba, kuma wurin da aka ciro ta ya tafi a banza. Masu kare FUT da wannan suke kafa hujja, kuma suna da gaskiya a wannan gaɓar, don mai rarraba fata a ƙarƙashin madubi yana ganin lanƙwasar da idonsa. Amsata ita ce ka nemo hannun da ya iya FUE a kan gashinmu. Suna nan, sai dai ba su ne suka fi cika Instagram da talla ba. Akwai kuma inda Allah ya sauƙaƙa mana: gashinmu bai kai nasu yawa a fata ba, amma murɗewarsa tana rufe fili sosai, ga launin gashi da na fata sun yi kusa. Tushen da ba zai ishi Bature ba sai ya ishe ka.

Kada a ce maka FUE ba ya barin tabo. Yana barin 'yan ɗige-ɗige masu haske, a baƙar fata ma sun fi fitowa in ka yi ƙwaryar molo da aska. Da saisaye ba a ganinsu. DHI da Safaya da dillalin naka ya lissafa a matsayin hanya ta uku da ta huɗu kuwa, duk FUE ne wajen ɗiba. DHI wani alƙalamin dasawa ne da ake kira Choi, Safaya kuma bakin wuƙar tsaga wurin da za a dasa gashin ce aka yi da dutse maimakon ƙarfe. Kada ka ƙara ko sisi saboda suna.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Ya ce maka tushe 5,000 a zama ɗaya, farashi ɗaya, har da otal da mota. Wanda ya faɗi adadi daga ganin hoto, bai taɓa kanka ba, bai auna yawan gashin ƙeyarka ba, ciniki yake yi. Ƙeya kamar wurin renon tumatir take a fadamar Galma, abin da ka tuge ka kai kunya wurinsa fili ya zama, ba ya sake tsirowa. Abin da ke ƙeyar mutum ƙididdigagge ne, 'yan dubbai ne tsawon rayuwa. In aka kwashe maka shi a shekara 31 don a cika hoton talla, sanƙo ya ci gaba da tafiya baya kamar yadda ya saba, kana shekara 45 za ka nemi na ciko ka rasa, ga ƙeya ta yi faci-faci. Na ga irin wannan kan a wani ɗaurin aure a Sabon Gari, mutumin ko zufa ta jiƙa shi ba ya cire hula.

Dillalan nan kamasho suke ci a kan kowane kai da suka kai. Wasu asibitocin da suke turawa, likita zai shigo ya zana maka layin goshi ya fita, ba ka sake ganinsa ba, ma'aikata ne za su yi allura, su ɗiba, su tsaga, su dasa, ga mutane da yawa a ɗakuna daban-daban rana guda. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan haka, har kamfe ta buɗe a 2019 kan irin waɗannan wurare. Kuma abin ba a muni kawai yake tsayawa ba. Allurar kashe zafi tana da iyaka gwargwadon nauyin jiki, kayan aiki marasa tsafta suna kawo ciwo, jaridun Indiya sun kawo labarin waɗanda suka rasu bayan dashe a hannun waɗanda ba fanninsu ba ne. Araha ba ta ado. Masu man shafawa na kasuwa da na TikTok da ke cewa sanƙo zai tsiro cikin sati biyu ma 'yan uwansu ne, sai dai su aljihu kawai suke yi wa illa.

Kafin ka nemi biza, hau mota ka je Shika ka ga likitan fata a asibitin koyarwa na ABU. Dalili biyu. Na farko a tabbatar sanƙon gado ne, don akwai zubewar gashi ta ciwon fata mai cinye saiwa ya bar tabo, akwai ta ƙora, akwai wadda ke fitowa faci-faci, irin waɗannan in aka dasa a kai ana cikin ciwon asara ce. Na biyu a duba yadda jikinka yake warkewa. Mu baƙar fata mun fi kowa saurin yin tabon nan mai kumbura ya yi tudu yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke kira keloid. Kai ma za ka iya fara dubawa a gida: inda aka taɓa yi maka ƙaho, tabon allurar rigakafi a kafaɗa, wani tsohon yanka, duk sun kwanta ko akwai wanda ya taso? Kana da ƙurajen aski a ƙeya masu taurin nan? In eh ne, FUT ya fita daga lissafi gaba ɗaya, FUE ɗin ma sai likita ya amince, wataƙila bayan an gwada 'yan tushe kaɗan an jira watanni an ga yadda wurin ya yi.

A can kuma za a yi maka maganar magani. Dashe ba ya tsayar da sanƙo, gashin asali da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da zuba. Finasteride na miligiram 1 da minoxidil na shafawa su ne aka tabbatar suna riƙe shi. Na farkon yana rage wa wasu 'yan kaɗan sha'awa, kuma mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa, saboda haka likita ne zai rubuta maka, ba yaron kemis ba. Tsakar kanka da ta fara haske, ni da zan ba ka shawara ka ba magani shekara guda a kanta, ka bar dashen ga goshi. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney da aka yi wa a 2011 yana da shekara 25, sai da ya koma aka ƙara masa.

Wajen zaɓen likita, ƙasa ba ta dame ni ba. Ana yi a Legas da Abuja, ana yi a Turkiyya da Indiya da Masar. Na gida yana da fa'idar da ba a faɗa: in wuri ya yi ruwa ko ya kumbura, mota za ka shiga, ba hoto za ka tura wa lambar da ta daina amsawa ba. Ko ina ne, ka nemi cikakken sunan likitan, ba sunan asibiti ba. In a Najeriya ne ka tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, kuma ka ji fanninsa, fata ko tiyatar gyaran jiki. Ka ce kana son magana da shi kansa ta bidiyo. Ka tambaye shi wa zai riƙe ƙarfen ɗiba, wa zai yi tsaga, mutum nawa yake yi wa a rana. Ka ce ya nuna maka kawunan baƙar fata da ya yi, bayan shekara guda, a haske, har da ƙeya. Hoton goshi kowa yana da shi, ƙeyar ce ke tona asiri. Ka lura ko ya tambaye ka ciwon suga, hawan jini, maganin da kake sha, da gwajin jini na ciwon hanta da HIV. Wanda bai tambaya ba, tashi ka ba shi wuri. Sannan ka kula da layin goshin da zai zana. In ya sauko da shi ƙasa ya miƙe shi ɗoɗar yadda wanzami ke gyara wa samari, ka ce a'a. Gashin nan zai kai ka tsufa, layin ɗan shekara 18 a goshin mai furfura abin kallo ne. Likitan kirki da kansa zai ja maka shi sama, ya ɗan karkace shi, ya sa masu sili ɗaya a gaba.

Game da halacci, na san wani zai tayar. Malamai da dama, ciki har da Shaikh Ibn Usaimin, sun ce ya halatta tunda gashin mutum ne aka mayar masa, gusar da aibi ne ba canza halitta ba, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da ɗayansu mai sanƙo ne. Amma ka tambayi malaminka yadda za ka yi da shafar kai a alwala da sujada a kwanakin farko, don kusan kwana goma ba a son abu ya gogi wurin, goshi kuma yana kumbura. Hula ma sai ta jira, musamman mai kama kai. Ka tsara tafiyar yadda ba za ta faɗa cikin zafin Maris da Afrilu ba, ba kuma daf da biki ko Sallah ba. In cikin hunturu ka dawo, ka rage hawa mashin cikin ƙura na ɗan lokaci.

Sai haƙuri. Cikin makonni biyu zuwa takwas yawancin gashin da aka dasa zai zube, ka koma kamar ba a yi komai ba, 'yan majalisa su samu abin tsokana. Saiwar tana nan. Daga wata na uku ko na huɗu zai fara leƙowa, sai ya shekara kafin ka ga ainihin aikin, tsakar ka ma takan wuce haka.

Mutumin naka kuwa, kada ka tura masa kafin alƙalami. Ka ce ya ba ka sunan likitan da hotunan ƙeyar mutum uku baƙar fata. In ya turo, sako su a nan mu duba tare, akwai ma'aikatan lafiya biyu a cikinmu da suka fi ni ido.