Taron kai-tsaye ko ƙunshin bidiyo: inda zan zuba kuɗin CME da ni ce ke

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da kammala horon likitan iyali, Allah Ya sa albarka. Tun daren jiya na ga tambayarki ina bakin aiki. Kin ce kuɗin CME, wato karatun ƙarin ilimi da ake tara wa maki don sabunta lasisin likita, da asibitinku ya ware miki ba zai ɗauki biyu ba: ko dai ki biya taron kwana 3 da ƙungiyar likitocin DO, wato mu da muka yi digirin likitanci na osteopathy, ke yi kai-tsaye ta intanet, ko ki sayi ƙunshin bidiyon lafiyar mata mai awa 60 da ake haɗawa da katin sayayya. Ki biya taron. Duka biyun na taɓa zuba musu kuɗi, ɗaya ne kawai nake tunawa ba tare da na yi tsaki ba.

Bari in fara da wanda ya ƙona ni. Ƙarshen 2021 ne, kuɗin shekarar zai koma aljihun asibiti idan ban kashe shi kafin 31 ga Disamba ba, sai ga saƙon wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Lafiyar mata tun daga balaga har ɗaukewar al'ada, awa 60 cif, ga katin sayayya a kai. Kwaɗayi ya rufe min ido. Na biya, na riƙa saurara a mota safe da yamma, na amsa tambayoyin ƙarshe, satifiket ya fito da hatiminsa mai ƙyalli, na ajiye na manta. A nan jihar Filorida ta Amurka lasisin likitan DO ranar 31 ga Maris yake ƙarewa duk bayan shekara 2, kuma hukumar tana son awa 40, aƙalla 20 daga ciki su zama rukunin 1-A na AOA, babbar ƙungiyar likitocin DO ta ƙasa. A Fabrairun 2022 na buɗe CE Broker, inda jihar ke tara lissafin kowa, ina shan shayi hankalina kwance. Awa 60 ɗin nan ko ɗaya ba ta hau layin 1-A ba. Na ɗauko satifiket ɗin na sa tabarau. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta AMA PRA Category 1, wato makin ƙungiyar likitocin Amurka ta AMA, ba na AOA ba. Ni kuwa lamba 1 na gani na ce shi ke nan. Kama da wane ba ta wane.

Ku da kuka yi horo a 'yan shekarun nan kun fi mu saurin faɗawa wannan ramin, domin tun 2020 aka gama haɗe horon ƙwarewa na DO da na MD, masu ɗaya digirin likitancin, a ƙarƙashin hukumar tantance horo ta ACGME. Tare kuke zagayen ɗakin marasa lafiya, tare kuke kwanan aiki, sai ku ɗauka komai ya zama ɗaya. Lissafin maki bai zama ɗaya ba. Gida biyu ne: makin AMA, wanda masu izinin hukumar tantance CME ta ACCME ke bayarwa, da makin AOA da ke Shikago, mai rukuni 4, wato 1-A, 1-B, 2-A da 2-B. Mai daraja a cikinsu shi ne 1-A, kuma sai daga hannun wanda AOA ta ba izinin shirya shi yake fitowa. Haka nan jihohi irin su Filorida, Mishigan, Oklahoma, Kalifoniya da taku Fensilbeniya suna da hukumar lasisin DO daban da ta MD. Taku awa 100 take so cikin shekara 2, aƙalla 20 na 1-A. Ki shiga shafin hukumar da kanki ki karanta ƙa'idar wannan zangon da abin da ta ce kan sabuntawar farko, kada ki tsaya a maganata, balle ta mai talla. Sannan hukumar da ta ba ki shaidar ƙwarewa ita ma da nata lissafin daban.

Da a ce maki ne kaɗai matsalar ƙunshin, da na ce laifina ne na rashin karatu, na yi shiru. Abin da ya fi ɓata min rai tsufan kayan ne. Laccar gwajin bakin mahaifa da ke ciki tana bin jadawalin 2012 na ASCCP, ƙungiyar masana cututtukan bakin mahaifa, alhali sabon tsarin 2019, wanda ke auna haɗarin kowace mace gwargwadon sakamakonta na yanzu da na baya, ya riga ya fito tun 2020. A kwalin an rubuta sabuwar shekara, amma sabuwar shekarar ta sayarwa ce, ba ta ɗaukar bidiyon ba. Fannin mata kuwa ba ya jiran kowa. Duba 2023 kaɗai: a Mayu hukumar magunguna ta FDA ta amince da Veozah, maganin zafin jikin da ke taso wa mata bayan ɗaukewar al'ada wanda ba sinadarin homon ba ne, a Yuli ta bari a sayar da ƙwayar tazarar haihuwa ta Opill ba tare da takardar likita ba, a Agusta ga Zurzuvae na ciwon damuwar bayan haihuwa, ga kuma rigakafin cutar numfashi ta RSV da ake yi wa mai ciki tsakanin mako 32 da 36. A Afrilun 2024 hukumar shawarar gwaje-gwajen rigakafi ta USPSTF ta dawo da fara hoton mama zuwa shekara 40, duk bayan shekara 2 har zuwa 74. Shi kansa Veozah ɗin, kafin 2024 ta ƙare an liƙa masa babban gargaɗi kan lahanin hanta. Ki ɗauka kina kallon faifan da aka ɗauka yana sabon fitowa, malami na ta yabonsa, ba wanda zai tsayar da shi ya ce malam, an fa ƙara magana. Gobe da safe ke ce za ki rubuta wa matar mutane.

To, ga taron. Na farkon da na shiga dole ce ta kai ni, don in cike ramin nan kafin 31 ga Maris, har ina gunaguni. Na shekarar da ta biyo baya kuwa da ƙafata na koma. Asabar ce, ina zaune a teburin kicin da kwamfuta, miyar kuka na kan wuta, wata ƙwararriyar likitar masu ciki mai haɗari tana bayanin binciken CHAP da ya fito a 2022, wanda ya sa ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta ACOG ta ce mai tsohon hawan jini idan ta samu ciki a fara mata magani daga 140/90, a daina jira sai ya kai 160/110. Wannan kam zan iya karantawa a mujalla. Abin da ba zan samu a mujalla ba shi ne amsar damuwar da nake ɗauke da ita a makon: wata baiwar Allah 'yar Afirka ta Yamma da nake dubawa tare da likitan haihuwarta, cikinta ya shiga wata na 5, tana shan labetalol sau 3 a rana, azumi saura 'yan makonni, ta kuma ce min ita fa sai ta yi. Na rubuta tambayar a akwatin tambayoyi ina tunanin za a tsallake. Mai gabatarwa ya karanta ta da ƙarfi. Malamar ta ɗan yi jim, sannan ta yi kusan minti 5 a kai: nifedipine mai aiki a hankali sau ɗaya ake sha a rana, don haka ya fi dacewa da sahur idan za a canja, amma a canja tun kafin watan ya kama, a ga yadda jinin zai zauna, a ba ta na'urar awo ta gida, a faɗa mata alamun da in ta gani za ta karya azumin ta taho asibiti, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki ta dama, kada kuma a manta da asfirin ɗinta mai miligram 81 saboda jijjiga. Wani likita Musulmi daga wata jiha ya ƙara a rubuce cewa in tuna mata addini ya yi wa mai ciki rangwame, wataƙila ta fi jin maganar daga bakin malaminta fiye da nawa. Ranar Litinin na kira likitan haihuwarta muka tsara. Miyar dai ta kama a ƙasan tukunya, maigidan bai bar ni na manta ba.

Wani abin kuma da ƙunshin ba shi da shi ko ɗigo shi ne aikin hannu. Likitocin MD kamfanin ya nufa da kayansa, mu 'yan DO cikon kasuwa ne. Mahaifiyata har gobe likitar ɗori take ce min, tun ranar da na yi mata bayanin OMT, jinyar da muke yi wa ƙashi da tsoka da hannu, na gaji da gyara mata na bari. Amma gaskiya hannun nan shi ne gadonmu tun makarantar da Andrew Taylor Still, wanda ya kafa fanninmu, ya buɗe a garin Kirksville a 1892, kuma a wurin mai ciki da ciwon baya da ƙugu ya hana barci, wadda ba ki son ɗura mata magunguna, yana da rana. A taron an kwantar da mace a gefenta, kyamara ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, malamin yana nuna inda tafin hannu zai zauna a ƙashin bayan ƙugu, mutane suna cewa a maimaita, yana maimaitawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, allo ba ya koya wa yatsu ji. Abin da kika riga kika iya yake tasowa da shi. Shi ya sa nake ƙoƙarin zuwa da jikina sau ɗaya a kowane zango, in bar na intanet ya ɗauki sauran.

Ƙunshin fa? Yana cike awanni, kuma ana jinsa a mota. Iyakar alherinsa ke nan.

Kuma awannin da yake cikewa ba sai kin saya ba. Idan asibitinku na biyan UpToDate, shafin binciken likitoci, duk abin da kika bincika kina aiki yana tara miki maki, ki shiga da sunanki kawai maimakon na asibiti. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC na da darussa kyauta masu maki, kuma jagorarta ta wa ya dace da wane maganin tazarar haihuwa, wadda aka sabunta a 2024, tana nan a waya ba ko sisi. Da waɗannan da laccocin da ake yi a asibitinku za ki ci rabin hanya kafin ki taɓa aljihu.

Ba ki tambaya ba, amma tunda sunanki ya shiga rajistar masu lasisi saƙonni za su fara yi miki ruwa, gara ki sani. Duk mai gaskiya yana rubuta jimla ɗaya a fili: wane ne ya ba shi izini, maki nawa, wane rukuni. Wanda ya ce miki kayansa “ya dace da likitocin DO” ko “ana karɓa a yawancin jihohi” bai faɗa miki komai ba, ya dai zagaye. Ki rubuta masa tambaya ɗaya: 1-A nawa zan samu, kuma ku za ku aika wa AOA da lambata ko ni zan kai? In ya fara dogon Turanci, ki rufe shafin. Ki nemi ranar da aka ɗauki kowace lacca, ba ranar da aka sake mata kwali ba. Ki duba ko rajistar mai sabunta kanta ce. Nawa sun sake cirar kuɗi bayan shekara, sai da na yi waya sau 3 kafin su mayar. Akwai kuma masu gayyatar taron ƙasa da ƙasa a otal ɗin bakin teku, su ce an zaɓe ki ki gabatar da jawabi, ke da ko takarda ɗaya ba ki taɓa wallafawa ba, sannan su ce ki biya kuɗin rajista. Horon awa 8 kan kula da masu fama da shaye-shaye da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA ta wajabta wa likitoci tun Yunin 2023 shi ma wasu na sayar da shi da tsada, alhali sau ɗaya ake yi kuma akwai na kyauta. Batun katin sayayya kuwa, ki yi tunani: kuɗin asibiti ne aka ba ki don karatu, wani kaso ya zagayo aljihunki. Ni sai da mai lissafin kuɗinmu ta kira ni ofis ta ajiye rasit ɗin a gabana ta ja layi a ƙarƙashin farashin. Ba ta ce komai ba. Na mayar da kuɗin katin, kunyar kuwa ta fi kuɗin yawa.

Ko a cikin gidanmu ma ki buɗe ido. Ba duk abin da ƙungiyar DO ta saka a intanet ne 1-A ba. Wani faifan da za ki kalla daga baya 1-B ake rubuta masa, don haka ki karanta abin da aka ce game da kallon kai-tsaye da kallon baya kafin ki biya. Na kai-tsayen ma yana da nasa wahalar: ranakun a tsaye suke ba ruwansu da jadawalin aikinki, wata laccar za ta sa ki gyangyaɗi, kuma sai kin cike takardar shaidar halarta kafin makin ya hau. Na san wadda ta zauna kwana 3 cur ta manta da wannan takardar har wa'adin ya wuce.

Tunda likitar iyali ce ke, ki fara duba taron ƙungiyar DO ta jiharku, domin su ne suka fi sanin darussan da hukumarku ta wajabta, sukan kuma cusa su cikin jadawalin. Bayan shi sai na ACOFP, ƙungiyar likitocin iyali ta DO, ko babban taron OMED da AOA ke yi duk kaka. Idan rabin masu zuwa wurinki mata ne kamar yadda kika ce, ki leƙa jadawalin ACOOG, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta DO. Nasu ya fi zurfi, sai dai wani ɓangaren tiyata ne da ba zai amfane ki ba. Ki tambayi rangwamen sabbin likitoci, ki yi rajista da wuri kafin farashi ya hau, ki sa lambarki ta AOA daidai, sannan tun yanzu ki nemi a cire ki daga aikin ƙarshen makon. In kin zaɓi wanda za ki shiga ki turo min jadawalin, zan nuna miki laccocin da za ki iya tashi ki ɗora tukunya.