Keken dokin Vigan: awa biyu da na biya, awa ɗaya da rabi da na mora

Ƙanena da ke karatun aikin jinya a Filifin ne ya dage sai mun je Vigan kafin in dawo gida. Muka kwana a bas daga Manila, tafiyar kusan kilomita 400 zuwa arewa, muka sauka babban birnin lardin Ilocos Sur da sassafe, ƙafafuna duk sun kumbura. Shi ya sa da ya ce, "Yaya, mu hau kalesa," ban yi gardama ba.

Kalesa keken doki ne mai ƙafa biyu da rumfa. Suna jere a gefen babban cocin garin, awa ake biya, kuma keken ake wa kuɗi ba kan mutum ba. Dokin ya fara ba ni dariya. Wanda ya saba ganin dawakin hawan sallah zai ɗauka ɗan duƙushi ne aka ɗaura wa kaya. Amma ƙanƙantar tasa ba ta hana shi aiki ba, har muka gama bai yi turjiya ko sau ɗaya ba. Mai tuƙin dattijo ne, ƙanena ya ce in kira shi Manong, wato yaya a harshen Ilokano. Ina faɗa kuwa sai fuskarsa ta sake.

Titin Calle Crisologo muka fara bi, kuma shi kaɗai ya isa kuɗin. Ba a barin mota ta shiga. Daɓen duwatsu ne, keken na jijjiga mutum har haƙora, kofaton doki na ƙwas-ƙwas tsakanin gidaje. Gidajen attajirai ne na zamanin mulkin Sifaniya, yawancinsu jikokin 'yan kasuwar Sin da suka auri 'yan ƙasa. Ƙasa bulo mai kauri, nan ake ajiye kaya da keken doki, iyali kuma suna sama. Tagogin ne suka tsayar da ni. Ba gilashi ba ne, ɓawon wata kawa ce ta teku da suke kira capiz, an yanka shi ƙanana an jera cikin katako. Haske na shiga a tausashe, zafin rana na tsayawa waje. Na sa Manong ya tsaya na sauka na duba ɗaya kusa, wasu ɓawon sun yi rawaya don tsufa, an cike gurbin wasu da sababbi farare. Saboda irin waɗannan gidaje UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Manong ya san garinsu, amma sai an tambaye shi yake magana. Da na tambaya sai ga labari. Juan de Salcedo, jagoran sojan Sifaniya, ya iso nan a 1572, sunansa aka sa wa dandalin da ke gaban cocin. A garin nan aka rataye Gabriela Silang a 1763, matar da ta ɗauki jagorancin yi wa Sifaniyawa tawaye bayan an kashe mijinta Diego. Nan aka haifi Fada José Burgos da Sifaniyawa suka kashe a 1872, nan kuma aka haifi Elpidio Quirino, shugaban ƙasa daga 1948 zuwa 1953. Floro Crisologo, ɗan majalisa daga gidan da titin ke ɗauke da sunansu, cikin cocin aka harbe shi a 1970. Ya faɗi wannan yana nuna cocin da bulalarsa, kamar mai nuna shagon maƙwabci.

Wurin maginan tukwane, Pagburnayan, shi ne na biyu da ba zan manta ba. Ɓaunar gida ke tattaka yumɓu. Wani saurayi yana harba faifan gini da ƙafa har ya ɗauki gudu, magini ya ɗora curin yumɓu, kafin ka ce kwabo tulu ya miƙe tsakanin tafukansa. Ana gasa su a wani dogon murhu mai kama da rami, su fito da tauri kamar dutse. Cikinsu ake tsima ruwan tsami na rake da kifin gishiri. Sun ce in gwada, na gwada, abin da na fitar ko kaskon turare bai kai ba.

Ga inda raina ya ɓaci. Tsakanin wuri da wuri Manong ya tsaya da mu a shagunan tsaraba har biyu da ban nema ba, agogo kuwa na tafiya. Kunya ta hana ni magana, na sayi saƙin hannu na yankin guda, wanda suke kira abel, mai kyau ne, ban yi asara ba, sai dai rabin awa ta tafi a nan. Muka ƙarasa hasumiyar ƙararrawa ta Bantay a gurguje, ita ma daga ƙasa muka kalle ta, don girgizar ƙasar Yulin 2022 ta yi mata lahani, an hana hawa. Wanda zai je ya lissafa wa mai keken wuraren da yake so tun kafin ya hau, ya ce ban da shaguna. Ya kuma fita da safe, kafin rana ta take da 'yan ɗaukar hoto su cika titi.

Batun ci sai an yi hattara. Abincin da garin ke taƙama da shi, longganisa da bagnet, duk naman alade ne. Empanada, wani soyayyen ƙulli mai kama da samosa da ake yi a dandalin Burgos, ma da shi ake haɗa ta. Ko an ce a yi maka da ƙwai da ɗanyen gwanda kawai, a cikin mai ɗaya ake soya su duka, na tsaya na gani da idona. Ni dai ayaba da mangwaro na saya.

Da muka sauka na ƙara wa Manong wani abu a kan kuɗinsa, na ce na doki ne. Ƙanena ya koya mini "agyamanak", na gode kenan, na faɗe ta a karkace, dattijon ya yi dariya ya gyara mini sau biyu.