Batirin Litiyam ko Matsattsiyar Iska?

Masu harkar sola a Agege sun yawaita tambayata wanne ya fi wajen adana wutar rana, batirin litiyam ko matsattsiyar iska.

Batiri ba shi da wahalar girkawa, kuma yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha, sai dai zafin Legas yana rage masa kwana. Iska kuwa ana amfani da wutar ne a matse ta a dura ta cikin kogon gishiri a ƙarƙashin ƙasa, daga baya a sake ta ta juya injin lantarki. Tashar Huntorf ta Jamus, mai adana wuta ta wannan hanyar, tana aiki tun 1978, amma makamashin da take asara ya haura rabi, ga tsadar gini.

Batiri ya dace da magidanci da mai shago, iska kuwa sai manyan kamfanonin lantarki masu irin wannan kogon.