Madubi, Waya ko Kyamara: Me Za Ka Saya Don Ɗaukar Tsuntsaye da Su Damo a Bakin Hanya?

Duk wanda ya saba bin hanyar Haɗeja zuwa Nguru da sanyin safiya ya san wannan takaicin. Kana tafe sai ka hango tsanwaka a kan wayar lantarki, shuɗinta kamar yanzu aka tsamo ta daga marina. Ka taka birki, ka zaro waya, ka buɗa hoton da yatsu biyu. Kafin ka danna ta tashi. In ma ka dace, abin da zai fito ɗigon baƙi ne a kan zare. Matsalar bakin hanya biyu ce, nisa da gaggawa, kuma da su za ka auna duk abin da mai shago zai ɗora maka a kan kanta.

Ni dai shawarata, kuɗin farko ya tafi ga madubin hangen nesa, tun kafin kyamara. Abin da ba ka gani ba ba za ka ɗauka ba, kuma rabin tsuntsayen da ke gefen fadama ido kaɗai ba ya bambance su. A jikin madubin za ka ga lamba biyu, misali 8x42. Ta farko sau nawa yake jawo abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, wato yawan hasken da yake sha. Mutane sun fi ɗokin 10x50 don lambar ta fi girma, amma ya fi nauyi, kuma duk rawar da hannunka ya yi sai ya ninka ta sau goma. A cikin mota 8x42 ya fi daɗin riƙo, ya fi saurin kamo tsuntsun da ke tsalle cikin ƙaya. Ka nemi wanda ruwa ba ya shiga, domin wanda ya hana ruwa shi ke hana ƙurar hunturu. Waɗanda ake talla masu jan gilashi da manyan lambobi a jiki kuwa, bar su ga yara. Gwajinsu ba wuya: kalli wata waya ko rubutun allo daga nesa, in ka ga abu ya rabu biyu ko idonka ya fara ja, mayar masa da kayansa.

Wayar hannu tana da inda ta isa. Hawainiyar da ke tsallaka kwalta tana taku ɗai-ɗai kamar amarya, kunkuru a farkon damina, jan gwada yana gyaɗa kai a kan katanga, duk waya za ta ɗauke su tsaf, musamman in ka durƙusa ka daidaita da idonsu. Har kanga ta ake yi a bakin madubin hangen nesa a samu hoton da zai isa a gane tsuntsu. Inda ba ta da hurumi shi ne maciji. Kububuwa ba ta da girma, launinta launin ƙasa, kuma ita ce ta fi kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Gwambe. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi ta jira. Baƙin kumurci kuma yana feso dafi ya samu idon mutum daga kamar mita biyu. Na'urar da za ta sa ka matsa kusa da waɗannan ba ta aikin nan ba ce.

Nan ne kyamara mai gilashi manne, mai dogon zum, wato ƙarfin jawo abu daga nesa, ta shigo, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da matafiyi. Nikon Coolpix P900 ta fito a 2015, tana jawo abu sau 83, daga milimita 24 har 2000 (a kyamara, yawan milimita shi ne ƙarfin jawo abu kusa), nauyinta kusan giram 900. Ƙanwarta P950 ta 2020 zum ɗinsu ɗaya, sai dai ita tana ajiye ɗanyen hoto wanda za ka gyara a kwamfuta. Canon PowerShot SX70 HS ta 2018 sau 65 take jawowa, Panasonic Lumix FZ80 sau 60, dukansu biyu ba su wuce giram 600 da 'yan kai ba. Akwai kuma P1000 ta 2018 mai kaiwa milimita 3000, amma ta haura kilo ɗaya da giram 400, kuma gaskiya wannan ƙarin nisan ba kasafai ƙasarmu ke bari ka more shi ba. Da rana ta ɗaga, iska kan kwalta da fako takan fara rawa, hazon hunturu kuma ya ƙara nasa. Zalɓen da ke can tsallaken ruwa zai cika maka hoto, amma kamar ta cikin ruwan kanwa kake kallonsa.

Wani ɗan maɓalli a gefen gilashin su Nikon da Canon ɗin nan ya fi mini yawancin abin da ake rubutawa a kwali. In ka jawo tsuntsu sosai ya ɓace maka, ka danne shi sai hoton ya ja baya ka gano inda yake, ka saki ya koma. Kada ka sayi wadda ba ta da wajen kanga ido, domin da rana tsaka allon baya ba ya nuna komai sai fuskarka.

Aibun kyamarorin nan ɗaya ne babba: sensar da ke ciki, wato ɗan allon da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ƙarama ce, kusan irin ta waya. Da asuba, ko bayan la'asar sakaliya, hoton yakan yi yashi-yashi. Tsuntsu a sama kuma, garken kirinjijiya ya tashi daga tafkin Dagona na jihar Yobe ko shirwa ta kawo sura, sau da yawa kafin kyamarar ta daidaita sun wuce.

Wanda wannan ya dama shi zai koma ga kyamara mai canjin gilashi. Tsofaffin Nikon irin D5600 da D7200, ko Canon 80D, ana samun na hannu a Legas da Abuja da Kano. Ka haɗa da gilashi mai milimita 70-300, wanda a jikinsu 300 ɗin yake aiki kamar 450 zuwa 480. Ya isa kada da guza a bakin kogin Gaji a Yankari, ya isa balbela da shamuwa, amma ga ƙananan tsuntsaye zai bar ka da ƙishi. Na gaba da shi su Sigma da Tamron 150-600 ne, kusan kilo biyu gilashin kaɗai. Hoton ba a magana, sai dai kaya ne na wanda zai yini a bakin ruwa a fadamar Baturiya ta jihar Jigawa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsayen Turai suka sauka. Ga mai wucewa a babur ko motar haya wahala ce. Sannan Sigma ɗin ba ya kama abin da bai kai nisan mita 2.8 ba, don haka kulɓar da ke gindin ƙafarka sai ka ja da baya. In aljihu da nauyi, Canon R10 ko R7 na 2022 suna bin idon tsuntsu da kansu, gilashinsu RF 100-400 kuma giram 635 ne kacal, yana kama abu daga ƙasa da mita ɗaya.

In ta hannu za ka saya, ka tafi da memori naka. Haska tocilan cikin gilashin: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, irin ta kayan da suka kwana a danshi, kada ka karɓa ko an rage maka. Ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigo, ka ja zum har ƙarshe ka saurari ƙararsa, ka sa a duba maka hoto nawa ta ɗauka tun fitowarta. Ni na taɓa raina wannan binciken saboda mai shagon ya cika fara'a, sati biyu zum ya maƙale a rabi.

Mai ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara, bar shi sai daga baya. Kai wa tela tsohon wandon jins ya ɗinka maka 'yar jaka, ka zuba gero mudu guda, ka ɗora a kan tagar mota ka kwantar da kyamara a kai. Ka kashe inji, don karkarwarsa ma tana shiga hoto, kuma kada ka fito: cilakowa da makwarwa sun saba da mota, mutum a tsaye ne ba su yarda da shi ba. Ragowar kuɗin ka sayi batir na biyu da ɗan famfon busa ƙura.

Dogon gilashi daga nesa ba ya kama da kayan hoto a idon kowa. Kusa da shingen jami'an tsaro, gada ko bariki, sa shi a jaka. Akwai hanyoyin da a yanzu ko tsayawa ba a yi, ka tambayi direbobin tasha kafin ka kama hanya. In ƙauye za ka sauka, fara gaida mai unguwa ka gaya masa abin da ya kawo ka. Yaran garin sun fi ka sanin ramin damo, za su kai ka har bakinsa, amma ka ja musu kunne tun farko cewa ba ka biyan kuɗin wanda aka ɗaure da igiya a ƙugu.