Ƙuna da ƙanƙara: abin da na gani a jikin mahaifina

Wata bakwai ne tsakanin aiki biyun da aka yi wa Baba a huhu, na ƙonawa da na daskarewa, kuma duka biyun ni na yi jinyarsa. Ciwon dajin nasa mataki na 4 ne, wato ya riga ya bazu. Ƙwayar da yake sha kullum ta danne ciwon, sai wasu ƙananan tsiro biyu da suka ƙi jin magani, ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar farko likita bai ɓoye mana ba: wannan aikin ba ya warkar da ciwon da ya riga ya bazu, ana kashe tsiron da ya yi taurin kai ne don maganin da ke aiki ya ci gaba da aikinsa. Wannan gaskiyar har gobe ina gode masa a kanta.

Na ƙonawa aka fara, da maikurowef, wato igiyar lantarki mai dumama nama. Allura ɗaya aka soka ta tsakanin haƙarƙari ana bin hoton CT mai nuna cikin jiki, bakinta ya dafa naman har zafin ya haura digiri 60, inda ƙwayoyin halitta ke mutuwa nan take. Wajen sauri kam babu kamarsa, ƙunar kanta 'yan mintuna ce. Matsalar ita ce tsiron yana jingine da bangon ƙirji, zafin kuma ya taɓa jijiyar da ke bin ƙasan haƙarƙari. Baba ba mai raki ba ne, amma sati shida bai kwanta ta gefen dama ba. Ko riga ce ta goge wurin sai ka ga ya cije leɓe ya rufe ido.

Shi ya sa da na biyun ya bayyana, santimita 2, shi ma daf da haƙarƙari, cewa ya yi ba inda za shi. Likita ya zauna a gabansa ya ce, "Baba, wannan karon ba wuta, sanyi za mu sa masa." Wata iskar gas mai suna agon ake turawa cikin allurar, idan ta buɗe a bakinta sai sanyin ya faɗi ƙasa da sifili da fiye da digiri 100, ƙanƙara ta dunƙule tsiron. A daskare, a bari ya narke, a sake daskarewa, har sau uku, wannan juyin ne ke farfasa ƙwayoyin. Allura biyu aka sa masa, aka kusa awa biyu a ciki, ina waje ina ta kai da kawo.

Da aka turo shi idonsa biyu. Na sunkuya ina tambayar ƙirjin, sai ya ce min ƙirji lafiya lau, kafaɗarsa ce ta sage saboda daɗewa da hannu a ɗage saman kai. Wallahi hawaye suka zo min. Sanyin da kansa yake kashe zafi, kuma ba ya lalata ginin naman da ke kewaye kamar yadda wuta ke yi. Da a yammacin nan na rubuta wannan sharhin, da cewa zan yi kowa ya guji ƙonawa.

Wajen ƙarfe biyu na dare tari ya tashe shi. Na miƙa masa tawul, na kunna fitilar waya, sai ga jini ja wur, da gudaji a ciki. Ya sake tari, wani ya fito. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan nan, shi ke nan ko?" Na danna ƙararrawa ba adadi, na fita da gudu ba takalmi. Nas ɗin da na samu ta zo, ta duba numfashinsa da yawan jinin, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ai wannan aikin haka yake yi." To me ya hana a faɗa mana da rana? An ba mu takarda mun sa hannu, an yi ta yabon rashin zafi, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce zafi yana toshe ƙananan hanyoyin jini, sanyi kuwa ba ya toshe su, don haka idan ƙanƙarar ta narke jini kan tsattsafo cikin hanyar iska. Magana ce ta minti ɗaya. Rashinta ya sa dattijo ya kwana zaune yana yi min wasiyya. Har yau idan na tuna daren nan raina ɓaci yake.

Da safe kuma numfashi ya ƙi isa. Hoto ya nuna iska ta zubo tsakanin huhu da bangon ƙirji ta inda allura ta huda, huhun ya ɗan motse. Aka sa masa roba a ƙirji don fitar da iskar, ta kwana uku. Wannan ba zan ɗora wa sanyi ba, domin ita ce matsalar da ta fi yawa a duka hanyoyin biyu, sa'a ce kawai ta sa bai gamu da ita a karon farko ba. Duk da haka kwanan asibitinsa ya ninka na wancan, jinin kuma ya fi sati yana fita kaɗan-kaɗan cikin majina.

Hoton bayan wata ɗaya ma ya kusa tsayar min da zuciya, don wurin ya fi asalin tsiron girma. Ashe da gangan ake haɗawa da lafiyayyen nama na gefe, sai a hankali tabon ke ƙanƙancewa. Nan ma sai da na tambaya.

Duka biyun sun fi kama tsiron da bai wuce santimita 3 ba, kuma wurin da yake zaune shi ke zaɓar hanya. Na kusa da haƙarƙari irin na Baba, sanyi zan sake zaɓa ba ko shakka. Da tsiron nesa da haƙarƙari yake, ko kuma da Baba mai saurin zubar jini ne, da zan saurari maganar maikurowef da kunne biyu. Baba shi ya riga ya yanke nasa hukuncin: ya ce gara jinin sati ɗaya da ya san dalilinsa da garwashin sati shida a haƙarƙari.