Suite PreCure, Mermaid Melody ko Symphogear: wanne za ka saya?

Katun ɗin Japan uku ne da 'yan mata ke yaƙar mugaye da waƙa a cikinsu, amma kafin ka kashe kuɗin faifai ko na data, ka fara tambayar kanka wa zai kalla.

Idan ƙanwarka ko 'yarka za ka saya wa, Suite PreCure na kamfanin Toei, wanda ya fito a 2011 mai kashi 48, shi ne mafi kwanciyar hankali. Sai dai ka shirya haƙuri. Hibiki da Kanade, jaruman biyu, suna shafe farkon labarin suna cacar baki kamar kishiyoyi, a shirya yau a ɓata gobe. Babban ƙorafin masu kallo kuma shi ne kiɗan ya tsaya a sunaye da ado: sunayen ƙasashe da makamai duk na kiɗa ne, ga fiyano, amma faɗan naushi da shuri ne irin na sauran katun ɗin jerin PreCure. Labarin ba ya kankama sai wata kyanwa mai suna Siren ta bar mugaye ta zama jaruma Cure Beat.

Mermaid Melody, na 2003, ya fi cika alƙawarin waƙa. Lucia da ƙawayenta 'yan ruwa ne, makirufo kawai suke ɗauka su rera, mugu ya toshe kunne ya gudu. Matsalar ita ce kashi 91 ne, kuma waƙa ɗaya ake ta maimaitawa makonni a jere da hoton da aka riga aka gani. Akwai soyayya da sumba ma, iyaye su sani. Masu jin Faransanci suna da sa'a, domin an yi masa fassarar murya.

Symphogear na kamfanin Satelight, zango biyar daga 2012 zuwa 2019, kowanne kashi 13, ni shi na fi so, domin 'yan matan suna waƙa ne a tsakiyar dambe, har numfashinsu na sarƙewa. Amma ba na yara ba ne ko kaɗan. Tun kashin farko ake kashe jama'a a filin wasa, akwai jini, shigar jaruman kuma ta matse jiki fiye da kima. Zanen zangon farko yana da rauni a wasu wurare.

Faifan da aka buga don kasuwar Japan yana da tsada, galibi kuma babu rubutun fassara a ƙasan allo, don haka ka duba bayan kwalin kafin ka biya.